BABI NA TARA: HAUSAR KANIKAWA DA GANO DALILIN KARKARWAR INJI A SILO

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin Hausar rukuni, inda aka nuna cewa kowace sana'a tana da kalmomi da salon magana da masu yin ta suka keɓanta da su. An kawo misalai daga ƙira da jima da fawa da wanzanci. A wannan babi za a juya ga wata sana'a wadda ba ta cikin sana'o'in gargajiya, amma ta zauna daram a ƙasar Hausa, wato kanikanci. Domin kada bayanin ya watse, za a taƙaita shi a kan matsala guda ɗaya da direbobi kan kawo gareji kullum: karkarwar injin tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu a lokacin da take tsaye, inji na aiki, ba a taka totur ba. Za a bi matakan da bakanike kan bi ya gano dalilin wannan karkarwa har ya gyara ta, sannan a nazarci harshen da aka yi aikin da shi.

9.1 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar silo da abubuwan da inji ke bukata domin ya zauna lafiya;
(b) jera matakan gano dalilin karkarwar inji daki-daki;
(c) fito da hanyoyin da Hausar kanikawa ta bi ta samu kalmominta;
(d) shirya darasin rubutun bayani a kan wata sana'a ta garinsu.

9.2 Muhallin Nazari

An ɗauki Kangire, wani gari a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a matsayin muhallin misalanmu. Wannan yanki na kudancin jihar, wanda ya haɗa da Birnin Kudu da Gwaram, ƙasar noma ce, kuma da zarar an sauka daga kwalta sai a shiga hanyoyin burji da yashi, waɗanda kan zama taɓo da damina. A irin waɗannan hanyoyi ne ake ganin amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu. Ita ke fito da amfanin gona zuwa kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti idan ƙananan motoci suka kasa shiga ƙauye.

Ire-iren waɗannan motoci sun daɗe a duniya. An fara ƙera Land Rover a Ingila a shekarar 1948. Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, ya fito da Hilux a 1968, yayin da Mitsubishi ya fito da Pajero a 1982. Waɗanda suka kai ga hannun direbobin karkara galibi tsofaffi ne da suka bi ta hannu da yawa. Ƙurar hunturu da jijjigar hanya da zafin bazara duk suna cin jikinsu. Saboda haka karkarwar inji abu ne da ba ya rabuwa da su.

9.3 Ma'anar Silo da Yadda Inji ke Aiki

Silo shi ne mafi ƙanƙantar gudun da inji ke yi da kansa idan mota na tsaye, direba ya ɗage ƙafarsa daga totur. A yawancin injunan fetur da suka ɗauki zafi, silo kan kasance tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Idan inji na da lafiya, ƙararsa kan fito bai ɗaya. Idan kuwa yana hawa da sauka, ko yana girgiza jikin mota, ko yana neman mutuwa, sai a ce mota ba ta zama a silo.

Injin mota yana bin tsarin bugu huɗu wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876. A cikin kowace silinda, fistin kan sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su turo fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Daga nan za a fahimci cewa injin fetur yana bukatar abubuwa huɗu: iska, da mai, da wuta, da matsi. Dole ne kowanne ya zo daidai gwargwado kuma a kan lokaci. Misali, fetur na ƙonewa sosai ne idan an gauraya kashi ɗaya nasa da kimanin kashi 14.7 na iska, bisa ma'aunin nauyi. Duk wata karkarwa ta silo, in ban da ɗaya da za a ambata a gaba, tana komawa ne ga tawayar ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu.

9.4 Koken Direba

Aikin bakanike da magana yake farawa tun kafin a ɗauki sifana. Ga misalin irin hirar da akan ji a gareji:

Direba: Salamu alaikum. Oga, barka da aiki.
Bakanike: Wa alaikumus salam. Barka kadai, Malam. Me ke damun ta?
Direba: Kwana uku ke nan ba ta zama a silo. Da na ɗaga ƙafa sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. In na tsaya lodi sai ta mutu.
Bakanike: In kana gudu fa?
Direba: A kan gudu lafiya lau take.
Bakanike: Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi?
Direba: Duka biyun.
Bakanike: Tana hayaƙi? Tana shan ruwa ko baƙin mai?
Direba: Ko kusa.
Bakanike: A ina ka sha mai na ƙarshe?
Direba: A gidan mai na sha, ban sayi bumburutu ba. Wani dai ya ce sai an sauke inji. Alhaji har ya fara zancen sayar da buhunan da ya ajiye.
Bakanike: Ka ce wa Alhaji ya dakata tukuna. Tayar da ita mu ji.

Idan aka lura, kowace tambaya ta bakanike tana rufe wata ƙofa ne. Rashin hayaƙi da rashin shan ruwa ko baƙin mai sun rage zargin da ake yi wa cikin inji. Sayen mai a gidan mai ya rage zargin gurɓataccen mai. Lafiyar mota a kan gudu da rashin lafiyarta a silo sun nuna masa inda zai fara dubawa. A wannan misali, da aka buɗe bonet sai aka ji wani siririn sauti, tsiii, daga bayan kafireto. Wani tiyo ne ya tsage yana shigar da iska. Da aka sauya shi sai mota ta zauna. Abin da ya kusa cin buhunan Alhaji bai wuce tiyo mai tsawon taƙi ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

9.5 Matakan Gano Dalili

Ƙa'idar ƙwararren bakanike ita ce ya fara da abin da ya fi sauƙi da araha, ya ƙare da abin da ya fi wuya da tsada. Kafin komai sai a sa giya a firi, a ja birkin hannu, a nisantar da hannun riga daga fanka da bel. Kada a bar inji na aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba.

9.5.1 Hayaƙi

Launin hayaƙin salansa manuniya ce ta farko. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗin hayaƙi na nuna baƙin mai na shiga silinda yana ƙonewa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, na nuna ruwa na shiga silinda.

9.5.2 Iska

Matsalar iska iri biyu ce: ta yi kaɗan, ko ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Ta farko daga matatar iska take tasowa idan ƙura ta toshe ta, abin da ke saurin faruwa da hunturu. Gyaranta a kakkaɓe ko a sauya. Ta biyu kuwa daga tsagaggen tiyo ne, ko gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireto, ko babban tiyon da ke zuwa gangar da ke sauƙaƙa taka birki. Dalilin da ya sa irin wannan yoyo ya fi bayyana a silo shi ne, a lokacin ƙofar totur a rufe take kusan ruf, iskar da inji ke sha kaɗan ce, zuƙarsa kuma na da ƙarfi. Saboda haka 'yar iskar da ta sato hanya sai ta rinjayi man da ke akwai. Idan aka taka totur, iska mai yawa ta shigo, sai yoyon ya ɓace a cikinta. Ana gano shi ta hanyar sauraro, ko ta matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse inji ya daidaita, shi ne mai laifi.

9.5.3 Wuta

Idan silinda ɗaya ba ta cin wuta, kanikawa kan ce mota na misin. Domin gano silindar, sai a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai robar hannu, inji na aiki. Idan aka cire waya karkarwa ta ƙaru, wannan silinda na aiki. Idan aka cire ba a ji wani sauyi ba, to, ita ce matacciyar. Daga nan sai a kwance fulogin a karanta bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Busasshen baƙi irin na kunkunniya na nuna mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo na nuna baƙin mai na hawowa. Fari fat na nuna ƙarancin mai ko zafi ya yi yawa. Tazarar bakin fulogi a tsofaffin injuna irin 22R na Hilux kimanin milimita 0.8 ce.

Haka kuma sai a duba wayoyin fulogi, da murfin distiributa ko ya tsage ko ya yi danshi, da kwantak, da kwayil. A tabbata kuma ba a sauya jerin wayoyi ba. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere suna cin wuta ne bisa tsarin 1-3-4-2, masu shida a jere kuma 1-5-3-6-2-4. Daga ƙarshe a duba taimin, wato lokacin da tartsatsi ke fita.

9.5.4 Mai

Nan ma daga waje ake farawa. A tsiyayo man a kwalba a duba: idan da ruwa, zai kwanta a ƙasa. Gurɓataccen mai ba a hannun 'yan bumburutu kaɗai yake ba, domin a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima Nijeriya, abin da ya jawo janye shi daga gidajen mai da dogayen layuka. Bayan mai sai matatar mai, sai famfon mai, sannan kafireto. A cikin kafireto akwai wata 'yar siririyar kafa da ke ba da mai a silo kaɗai, wadda ake kira silo-jet. Ƙwayar yashi ɗaya na iya toshe ta. Gyaranta a wanke a hura iska. Kada a soka mata waya, domin hakan na buɗa ta. A duba cok kuma, ko ya maƙale a rufe.

Kafireto na da sukur biyu na saiti: ɗaya na gudun silo, ɗaya na gaurayar iska da mai. Kuskuren da ƙananan kanikawa suka fi yi shi ne su fara da ɗaga silo domin karkarwa ta ɓuya. Cutar na nan, sai dai mota ta ƙara shan mai, abin da ya zama babban nauyi tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Saiti shi ne aikin ƙarshe, kuma sai inji ya ɗauki zafi ake yin sa.

9.5.5 Matsi

Sai an wanke iska da wuta da mai daga zargi sannan a waiwayi cikin inji. Akwai agogon awon matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Abin da ake nema shi ne silindu su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kimanin kashi goma cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, sai a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake awo. In matsi ya tashi, ringi ne ya cinye. In bai tashi ba, bawul ne ko gasket. In silindu biyu maƙwabta suka yi ƙasa tare, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone a tsakaninsu. Wani lokaci saitin tazarar bawul kaɗai ya isa. Sai bayan wannan awo ne maganar sauke inji take da hujja.

9.5.6 Kujerar Inji

Wannan ita ce karkarwar da aka keɓe a baya. Inji yana zaune ne a kan robobi masu shanye jijjiga. Idan suka yage, kamar yadda kan faru ga motar da ke bin gargada, jikin mota zai yi ta rawa alhali ƙarar inji daidai take. Kunnen bakanike ne ke raba wannan da sauran.

9.5.7 Injin Gas da Motar Kwamfuta

Injin dizal, wanda direbobi ke kira injin gas, irin 1HZ mai silinda shida da aka fara sa wa Land Cruiser a 1990, ba shi da fulogin tartsatsi, domin zafin matsi ne ke kunna mansa. Karkarwarsa ta fi tasowa daga iskar da ta shiga layin mai, ko ruwan da ya taru a gindin matata, ko nozul da ya lalace. Sai a tsiyaye ruwan, a buga famfon hannu a fitar da iskar. Aikin nozul da injekta kuwa na masu na'urar gwaji ne, domin man na fita da ƙarfin da zai iya huda fata.

Motocin da ba su da kafireto, waɗanda kwamfuta ke sarrafa mansu, sukan yi karkarwa idan datti ya taru a maƙogwaron totur ko a bawul ɗin silo. Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka mahaɗar na'urar bincike iri ɗaya. Lambar P0301, alal misali, na nufin silinda ta ɗaya na misin, P0171 kuma na nufin iska ta rinjayi mai. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, sauran aiki na bakanike ne.

9.6 Nazarin Harshe

Daga bayanan da suka gabata za a iya fito da hanyoyi huɗu da Hausar kanikawa ta bi.

(a) Aro da Hausantarwa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Kalmar Ingilishi da ta haifi fulogi tana farawa da /p/ da /l/, sai aka mayar da /p/ ta koma /f/, aka saƙala wasalin /u/, aka ƙara /i/ a ƙarshe. Haka aka saƙala /i/ tsakanin /s/ da /l/ aka samu silo. A bawul kuwa, sautin /v/ wanda babu shi a Hausa ya koma /b/ a farko, ya koma /w/ a tsakiya. Tiyo daga Faransanci ta fito. Hausawan Maraɗi da Damagaram kan ce buji a inda na Kano da Jigawa ke cewa fulogi, su ce gazuwal a maimakon gas.

(b) Ƙirar kalma. Kalmar aro makaniki ta yi kama da sunayen masu sana'a irin maƙeri da masaƙi, sai Bahaushe ya ɗauki ma- a matsayin ɗafa-goshi, ya ware saiwar kanik-. Daga ita aka gina bakanike da kanikawa bisa tsarin Bakatsine da Katsinawa, da kanikanci bisa tsarin wanzanci da dukanci.

(c) Faɗaɗa ma'ana. Bakanike na ɗaukar mota tamkar mai rai. Tana shan mai, tana cin wuta, tana tari, tana mutuwa, ana tayar da ita. Tana da ƙafa da maƙogwaro, injinta na da kai da kujera. Baƙin mai da matatar iska kuma harɗaɗɗun sunaye ne da aka ƙera da kayan gida.

(d) Amsa-kama. Tsiii na nuna yoyon iska, fat-fat a salansa na nuna misin, ƙwas-ƙwas a saman inji na nuna bawul ya saki, gwaf-gwaf daga ƙasa kuwa na nuna inji na shirin bugawa. Waɗannan kalmomi su ne ma'aunin da direba ke kai rahoto da shi, kuma kuskure a cikinsu na iya karkatar da bincike.

9.7 Amfani ga Malamin Hausa

Da yawa daga cikin yaran da ɗalibi zai koyar a firamare da ƙaramar sakandare suna zuwa gareji bayan an tashi makaranta. Malamin da ya san wannan Hausa zai iya amfani da ita wajen koyar da aron kalmomi da tsarin gaɓa, da kuma rubutun bayani, wanda ginshiƙinsa shi ne jera matakai bisa hankali. Bugu da ƙari, ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ba za su iya riskar duk kalmomin da ake ƙirƙira a gareji da kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ba. Tattara su da daidaita rubutunsu aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa karkarwar inji a silo tana tasowa ne daga tawayar iska, ko mai, ko wuta, ko matsi, ko kuma lalacewar kujerar inji. An ga kuma cewa ana gano ta ne ta hanyar tambaya da sauraro da bin matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma duk wannan aiki da Hausa ake gudanar da shi. Maƙera na cewa sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wannan karin magana ta dace da bakanike kamar yadda ta dace da maƙeri.

9.9 Tambayoyin Bita

1. Mece ce silo? Kawo abubuwa huɗu da injin fetur ke bukata.
2. Me ya sa yoyon iska ya fi bayyana a silo fiye da a kan gudu?
3. Bayyana abin da kowane launi na bakin fulogi ke nunawa.
4. Nuna sauye-sauyen sauti da aka samu a kalmomin fulogi da silo da bawul.
5. Ziyarci gareji mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi ashirin, ka karkasa su bisa hanyoyi huɗu da aka kawo a 9.6.